Ku Je Ku Ga Zaki Tun Yana Nan

Godiya ta tabbata ga Allah da ya shimfiɗa ƙasa, ya watsa dabbobi a bayanta, mai jan ciki da mai ƙafa biyu da mai ƙafa huɗu, ya ɗauki nauyin cinsu da shansu, bai taɓa mance ko ɗaya ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu ɗan Abdullahi, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana na Dinawa da Wurno da Rabah da Goronyo, iyaye da yayye da ƙanne, ina yi wa kaina da ku wasiyya da tsoron Allah a ɓoye da bayyane. Zancenmu na yau a kan zaki yake, da dajin da yake zaune, da abin da ke wuyanmu game da su biyun.

Zaki ba ya barin bakinmu. Basarake ya fito, fadawa su ce, "Zaki! Takawarka lafiya." Yaro ya yi abin jarunta, a ce ai zaki ne. A tatsuniyar da kakanninmu mata suka rene mu da ita, shi ne sarkin dawa, dila malaminsa, gizo na yi masa wayo. Baffan Manzon Allah, Sayyidina Hamza, da wannan suna aka yi masa kirari. To amma a duk garin nan, wa ya taɓa ganin zaki a dajinsa, ba cikin keji ba, ba cikin waya ba? Ko cikin dattawanmu sai an tona. Suna ya rage mana, mai sunan ya tafi.

Ba haka ƙasar nan take a da ba. A shekarar 1853 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa dajin Gundumi da ke gabas da mu. Yini da kwana ayarinsu na tafiya ba zango, saboda faɗin dajin da rashin ruwa da tsoron hari, kafin ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu, daga nan ya shigo Wurno. A wancan zamani zaki na yawo a ƙasar ciyawa tun daga Senegal har Tafkin Chadi. A shekarar 2014 masu bincike na ƙungiyar Panthera, waɗanda suka yi shekaru suna bin gandayen dajin Afirka ta Yamma ɗaya bayan ɗaya, suka fitar da sakamakon aikinsu. Zakunan da suka rage a duk yankin ba su wuce kimanin 400 ba, manyan da suka isa haihuwa a cikinsu ba su kai 250 ba, kuma ƙasar da suke takawa a yau kusan kashi 1 ce cikin 100 na wadda kakanninsu suka taka. A Nijeriya kaf ba su kai 50 ba. Jama'ar sahu biyu na sallar Juma'a sun fi zakunan ƙasarmu yawa.

Wurare kaɗan suka rage musu. Akwai gandun dajin Kainji, tsakanin jihar Neja da Kwara, mai faɗin murabba'in kilomita 5,340, wanda ya zama gandun daji na ƙasa na farko a Nijeriya a 1979, da ɓangarorinsa biyu, Borgu da Zugurma. Akwai Yankari a jihar Bauci, ƙaramar hukumar Alkaleri, murabba'in kilomita 2,244, wanda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, jihar Bauci ta sake karɓarsa a 2006. Sai babban cikinsu, dajin da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, inda kogin Kwara ya yi lanƙwasa biyu: gandun W, da maƙwabtansa Arly da Pendjari. Can ne kusan kashi 90 cikin 100 na zakunan Afirka ta Yamma suke. Sai kuma 'yan kaɗan a Niokolo-Koba ta Senegal. Iyakarsu ke nan.

Kirana gare ku shi ne: wanda Allah ya hore masa, hanya kuma ta yi lafiya, ya je ya gani, ya kai 'ya'yansa. Malaman makaranta, na boko da na Islamiyya, su sa wannan cikin abin da suke nema wa ɗalibansu. Gani ya kori ji.

Wani zai ce, "Malam, wannan ba yawon buɗe idon Turawa ba ne?" Ɗan'uwa, tafiya a asalinta halal ce, niyya ke ɗaga ta ko ta kayar da ita. Gandun daji ba wurin ziyarar ibada ba ne, ba a neman albarka a wajen dutse ko dabba. Amma Allah ya umarce mu a wurare da dama cikin Alƙur'ani da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba, kuma a Suratul Ankabut, aya ta 20, abin da aka ce a duba shi ne yadda ya fari halitta. A Suratul Gashiya ya tuhumi mutanen da kullum suna tare da raƙumi, amma ba su taɓa tsayawa sun yi tunanin yadda aka ƙera shi ba. A Suratul An'am, aya ta 38, ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irin namu. A ƙarshen Suratul Muddassir kuwa, ya kwatanta masu gudun wa'azi da firgitattun jakunan jeji da suka tsere wa abin da suke tsoro, wanda da yawa daga malaman tafsiri suka ce zaki ne. Yaron da ya haddace wannan sura a allo, ranar da ya ga garken gwanki ya watse ba waiwaye don iska ta kawo musu warin zaki, ya sami tafsirin da babu malamin da zai iya zuba masa a kunne.

Sai dai tafiyar na da sharuɗɗa. Na farko aminci. Kowa ya san masu ɗauke da makamai sun shiga dajin W da kewayensa, an kashe masu gadin daji a ɓangaren Benin a watan Fabrairun 2022, kuma Kainji ma bai tsira ba. Shari'a ba ta yarda ka jefa kanka cikin halaka don kallo ba. A tambayi hukuma da waɗanda suka san hanya kafin a ɗaura niyya, in an ce a dakata, a dakata. Na biyu, kada ka ci bashi ko ka bar gida ba hatsi don ka je ganin zaki. Ciyar da iyali wajibi ne, wannan kuwa ba wajibi ba ne. Na uku, salla ba ta zama a gida ta jira ka. Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, ka karɓi sauƙin da Allah ya ba ka, ka kiyaye lokaci. In ka sauka masauki, ka yi addu'ar neman tsari da Annabi ya koyar ga wanda ya sauka a wani wuri. Na huɗu sutura da kunya. A Yankari akwai maɓuɓɓugar Wikki mai ruwan ɗumi garai-garai, baƙi na wanka a ciki. Musulmi ya san al'aurarsa, ya san ta wani, ko a daji yake ko a gari. Na biyar, bin umarnin ɗan jagora. In ya ce kada a sauka daga mota, kada a sauka. Wanda ya tako ƙasa don ya ɗauki hoto kusa da giwa mai ɗa, yana cewa ya dogara ga Allah, bai fahimci tawakkali ba. Mai raƙumi ma Annabi ya ce masa ya ɗaure raƙuminsa tukuna, sannan ya dogara.

In ka je Yankari, ka je da rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta, ruwa ya ƙafe ko'ina, namun daji suka taru a bakin kogin Gaji. Za a fita da ku da sanyin safiya. Za ka ga gwambaza tsaye cikin fadama, ɓauna ta ɗago kai tana harararku, gyado na gudu da jela a miƙe, gwaggon biri zaune kan reshe yana yi wa ɗansa tsifa. In da rabo ka ga giwa ta ratsa hanya da 'ya'yanta a tsakiya. Zaki kuwa, gaskiya ita ce ƙila ka je ka dawo ba ka ga ko jelarsa ba, don na Yankari 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Amma ka roƙi ɗan jagora ya nuna maka sawu a yashin bakin ruwa. Sawun kura na fita da alamar farce a gaban kowace yatsa. Na zaki faffaɗa ne kamar tafin hannun namiji, yatsu huɗu a jere, ba alamar farce ko ɗaya, don yana tafiya da faratansa a janye cikin kube, ba ya fitar da su sai ranar aiki. Ka tsaya kan wannan sawu ka tambayi kanka, wa ya koya masa adana makaminsa? Wa ya yi masa dadduma a tafin ƙafa, dabba mai nauyin buhu uku na shinkafa ta taka busasshen ganye ba a ji ba? Wa ya ba shi muryar da ake ji daga nisan kilomita 8 cikin dare? A nan tasbihi ke fita daga zuciya da kansa.

Ga darasi na farko da za ka ɗauko. Muna ɗauka zaki abin da ya ga dama yake ci. Ba haka ba ne. Waɗanda suka daɗe suna bin zakuna sun tabbatar cewa mafi yawan farautarsu ba ta nasara. Zakanya za ta yi kwanton ɓauna, ta ja ciki cikin ciyawa, ta zabura, barewa ta kufce. Ta sake, ta sake kufcewa. Sai su yi kwanaki ba su ci ba. Wani lokaci ɓauna ta soke shi da ƙaho, ko kofato ya karya masa muƙamuƙi, yunwa ta ƙarasa shi. Ga ƙarfi, ga haƙori, ga farce, amma ba ya cin ko loma sai wadda aka rubuta masa. A gefensa kuma ga 'yar tsuntsuwa da ba ta kai cikin hannu ba, ta fita da safe ciki wayam, ta dawo da yamma a ƙoshe. Suratu Hud, aya ta 6, ta riga ta gaya mana wanda arzikin kowace dabba ke wuyansa. Saboda haka, ɗan'uwa manomin albasa da tafarnuwa a fadamar Rima, ka fita ka nema kamar yadda zakanya ke fita, in ta kufce ka sake, amma kada ka cuci kowa a kan mudu ko a kan iyakar gona don tsoron talauci. Ƙarfi ba ya jawo arziki, rauni ba ya kore shi.

Darasi na biyu na masu mulki ne, waɗanda ake ce wa zaki. Namijin zaki ba ya daɗewa a kan garke. 'Yan shekaru kaɗan ne, sai matasa su zo su yaƙe shi su kore shi. Daga nan sai yawo shi kaɗai, haƙora sun dakushe, haƙarƙari a waje, yana bin mushen da a da ba zai kalla ba, kurayen da ke gudunsa jiya suna kewaye shi yau. Da wuya namiji ya wuce shekara goma sha biyu a daji. Ranka ya daɗe, mai sarauta, mai kujera, mai bindiga: wanda ake yi maka kirari da sunansa, ƙarshensa ke nan. Shi ba za a tambaye shi yadda ya yi mulkin dawa ba. Kai za a tambaye ka.

Darasi na uku shi ne ya fi nauyi. A bakin kowane gandu akwai iyaka: daga nan ba noma, ba kiwo, ba farauta, ba sare itace. Mutanenmu da yawa na ganin wannan ƙirƙirar Nasara ce. Ba su sani ba, keɓe hurumi sunna ce. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakin Musulmi. Sayyidina Umar ya keɓe Rabza. Madina kanta Annabi ya haramta farautar namunta da sare itatuwanta, kamar yadda Makka take. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi wa hurumi babi, suka gindaya sharuɗɗa: shugaba ne zai keɓe, don buƙatar jama'a, a ƙasar da ba ginin kowa ba shukar kowa, kuma gwargwadon da ba zai ƙuntata wa mutane ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi sukutum kan hanyoyin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita. Kakanninmu ma sun san hurumin gari da burtali da mashaya, ba wanda ke kai musu garma. Kuma da wannan iyaka ce Annabi ya buga mana misali a hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da kowane ɗalibin Arba'una ya haddace: makiyayin da ke kiwo daf da hurumi ya kusa faɗawa ciki, kowane sarki na da huruminsa, hurumin Allah kuwa su ne abubuwan da ya haramta. In ka tsaya a ƙofar gandu ka ga ciyawa shar a ciki, ƙasa fayau a waje, saniya na miƙa wuya, ka ga hadisin da idonka. Wanda ya saba tsallake iyakar da yake gani, ta yaya zai tsaya a wadda ba ya gani?

To me ya cinye zakunanmu? Hannayenmu ne, kamar yadda Suratur Rum ta faɗa game da ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa. Mun share daji mun mai da shi gona da gawayi. Maharba sun kwashe gwanki da kanki da mariya da ɓauna sun kai kasuwar naman daji, zaki ya rasa abincinsa ya juyo kan shanu. Mai shanu ya ji zafi, ya zuba maganin ƙwari a mushen saniyarsa ya koma gida. Da dare zaki ya dawo, shi da zakanya da 'ya'ya, suka ci suka mutu. Kura ta ci ta mutu, dila ya ci ya mutu, gari ya waye ungulaye suka sauka su ma suka zube. Saniya ɗaya, gawa ba iyaka.

A nan sai mu yi adalci, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Makiyayin da zaki ya kashe wa saniya an yi masa asara ta gaske, ƙila ita ce nonon 'ya'yansa. Shari'a ba ta ce ya naɗe hannu ba. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya sanya zaki da damisa cikin dabbobin da ake kashewa in suna far wa mutane, ko da mutum na cikin harami. Wanda dabba ta auka wa, ko ta auka wa dukiyarsa, yana da haƙƙin kare kansa. Amma guba ba kariya ba ce, ramuwar gayya ce da ba ta zaɓen mai laifi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani Annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi, ya sa aka ƙone gidan tururuwan duka, Allah ya yi masa wahayi yana tuhumarsa a kan ya halaka al'umma guda mai tasbihi saboda cizon ɗaya. In an tuhumi Annabi a kan tururuwa, kai da ni fa? Ya zo a hadisi cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Mutum ya sami gafara saboda karen da ya shayar. Wanda ya kashe ɗan tsuntsu ba bisa haƙƙi ba, za a tambaye shi. Ko farauta don nishaɗi kawai, littafin Risala ya ce makaruhi ce.

Haƙƙi kuma na kan hukuma. Lokacin da Sayyidina Umar ya naɗa baransa Hunayyu ya kula da hurumi, ya yi masa wasiyya da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya hana garken Ibnu Aufin da na Ibnu Affan. Dalilinsa shi ne su attajirai ne, in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa da 'ya'yansa zai zo yana kuka a ƙofar Sarkin Musulmi. Wannan shi ne mizani. Gandun da ake korar talaka da sanda, a buɗe wa babban mutum ƙofa ya shiga harbi ko ya loda motocin katako, ba hurumin Umar ba ne. A buɗe burtalin da aka nome, a gyara mashaya, a biya wanda aka kashe wa dabba, a ɗauki 'ya'yan ƙauyukan kewaye aikin gadi, a ba su rabonsu cikin kuɗin da baƙi ke biya. Wanda ke cin moriyar daji shi ke tsaronsa.

Kada ku ce ba ya yiwuwa. A ƙasar Indiya akwai dajin Gir, inda zakunan nahiyar Asiya na ƙarshe suke, kuma masana sun gano jininsu ya fi kusa da na zakunanmu fiye da na kudancin Afirka. A farkon ƙarni na 20 saura ƙiris su ƙare. Sarkin Junagadh, Musulmi, shi ya hana harbinsu a ƙasarsa. Makiyaya na zaune cikin dajin da kewayensa da shanunsu har yau, hukuma na biyan wanda zaki ya yi wa ɓarna. Ƙidayar 2020 ta sami zakuna 674. A ɗaya gefen kuma, zakin da ya cika waƙoƙin Larabawa da tarihinsu babu shi a mafi yawan ƙasashensu yau, ya ƙare a Iraƙi, ya ƙare a Maroko da Aljeriya. Hanya biyu ce a gabanmu, kowace an bi ta an ga inda ta ɓulle.

Akwai kuma laifin da ke cikin aljihunmu. Ku dubi shimfiɗar mai magani ranar kasuwa: ƙaramar kwalba da aka ce man zaki ne na ciwon baya da sanyin ƙashi, guntun fata da aka ce ta goshin zaki ce don kwarjini, busasshen kan ungulu, farce, haƙori. In na ƙarya ne, an ci kuɗinka da yaudara. In na gaske ne, kuɗinka ne ya sayi harsashin. Manya, ku tuna yadda ungulu ke cika mahauta da kan kukoki a da. Yau ina take? Ita ce ke kwashe mushe kafin ya zama cuta, an bi ta da guba da tarko saboda masu neman asiri. Annabi ya hana amfani da fatun namun daji masu farauta, ya kuma gargaɗe mu cewa wanda ya rataya wani abu yana dogaro da shi, za a bar shi da abin nan. Zakin da ke da goshin gaba ɗaya bai hana a harbe shi ba, yaya guntunsa zai tsare ka? Kwarjini na tsoron Allah ne da cika alkawari.

Na san abin da ke zuciyar wasunku, kuma yana da nauyi. "Malam, mu da ba mu iya kwana da ido biyu rufe, an sace mana shanu, an ɗauke mana mutane, gona ta gagara, kana yi mana zancen zaki?" Wallahi ran mutum ɗaya na gabashin Sakkwato ya fi duk zakunan duniya daraja a wurin Allah, ba mai jayayya a kan wannan. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu. Amma ku lissafa sunayen da ke firgita mu a yau: Gundumi, Kuyambana, Kamuku, Rugu, Sambisa. Duk gandaye ne da hukuma ta taɓa keɓewa, ta sa musu iyaka da ma'aikata. Aka yi sakaci, mai gadi ya rasa albashi da kayan aiki, mai sare itace ya shiga, maharbi ya shiga, aka ga ba mai magana, sai wanda ya fi su sharri ya shiga ya kafa sansani. Ba zaki ke korar ɓarawo ba, amma dajin da ake tsare zaki a cikinsa daji ne mai ido a kansa. Amana tamkar tabarmar kaba ce, in ka zare ɗaya ka ƙyale, sauran za su bi. Sakacin da ya cinye namun daji shi ne ya dawo yana cin mutane.

Saboda haka kowa na da aikin yi, ko da ba zai taɓa taka Yankari ba. Matasa, ku bar cinna wa daji wuta don gafiya da zomo, ku tuna Annabi ya ga gidan tururuwa da aka ƙone ya ce azaba da wuta ta Ubangijin wuta ce shi kaɗai. Masunta a Rima da madatsar Goronyo, ku bar zuba guba a ruwa, tana kashe kifin bana da na baɗi, tana shiga cikin 'ya'yanku. Iyaye, ku karɓe danƙo daga hannun yaron da ke harbin tsuntsu don wasa, ku gaya masa Annabi ya sa an mayar wa tsuntsuwa 'ya'yanta da ya ga tana shawagi cikin tashin hankali. Mai sare itace, in ka sare ɗaya ka dasa biyu, don duk abin da ya ci daga shukarka, mutum ko tsuntsu ko dabba, sadaka ce gare ka. Mai saye, ka wuce kwalbar man zaki. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, ku tsare hurumi da burtali kada a yanka su a sayar. Wakilanmu, ku tambayi inda kuɗin gandaye ke tafiya. Limamai, ku sa haƙƙin dabba cikin huɗuba kamar yadda kuke sa haƙƙin maƙwabci, don ranar ƙiyama har tunkiya marar ƙaho za a rama mata a kan mai ƙaho, balle abin da ɗan Adam ya yi da saninsa.

Ya Allah, ka nuna mana ayoyinka, ka ba mu zukatan da za su gane su. Ka yafe mana ɓarnar da muka yi a ƙasarka da saninmu da rashin saninmu. Ka mayar mana da aminci a dazukanmu da hanyoyinmu da gonakinmu, ka shiryi masu shiryuwa cikin waɗanda suka addabe mu, ka isar mana ga waɗanda suka ƙi. Ka ba shugabanninmu adalcin Umar da tausayin talaka. Ka shayar da bayinka da dabbobinka, ka rayar da ƙasarka. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, ka sa mu cika da imani. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.